Mujiyar Kukar Gidan Wada

Duk wanda ya taɓa bi ta Tungar Marke, can gabas da Kurawa, da sassafe, ya san Saude ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan da ke duƙe a gindin kukar bayan gidan Wada tana shara, tana yi tana tsintar wani abu tana jefawa a sakaina. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana wannan shara. Yanzu ba ta can. Kukar na nan tsaye da baƙin tabon wuta a cikinta, gidan kuwa iska ce ke shiga ta fita.

A Alkalawa aka haife ta, gidan manoma. Karatunta bai yi nisa ba, ta dai samu abin salla da ɗan abin da za ta roƙi Allah da shi. Ba ta da yawan magana tun tana yarinya, sai kallo. In aka aike ta rijiya sai ta daɗe, a bi sawu a tarar da ita tsugune tana kallon tururuwa na jan fiffiken fara. Wada ya gan ta a wani biki, ya ce yana so, ita ma ta ce tana so, aka kawo ta Tungar Marke da kaka.

Kwananta tara a gidan ta fita shara bayan ɗaki, sai ta ga wani baƙin curi kamar ƙwan zabuwa a gindin kuka. Ta duƙa ta duba. Gashi ne a dunƙule, ga wani ɗan ƙashi ya leƙo ta gefe. A garinsu, gashi da ƙashi a dunƙule a hanyar amarya abu ɗaya suke nufi. Ta yar da tsintsiya, ta ruga ɗaki tana kuka, ta hau ɗaure kayanta.

Wada ya dawo daga gona ya same ta a haka.

"Ke, lahiya? Wa ya mutu?"

"An yi mini sammu. Ni gida za ni."

Ya fita ya ɗauko curin a tafin hannunsa. Tana gani ta ƙwalla ƙara ta maƙale a bango. Shi kuwa dariya ta kama shi har sai da ya dafa ƙyaure.

"Wa kika tare ma hanya da zai ɓata gashinai a kanki? Ke da ko akuya ba ki zo da ita ba!"

Ya sa tsinke ya farfasa curin a gabanta. Sai ga ɗan ƙoƙon kai da haƙora biyu jajaye, ga 'yan ƙasusuwa kamar allura.

"Kusu ne," in ji shi. "Mujiyar kukar ga ita ka haɗiye su ɗungum, in gari ya waye ta amayo abin da cikinta ya ƙi. Kowane curi kika gani, kusu guda ko biyu ke nan da ba su ci hatsinmu ba. Tun kakana suna nan, ita da mijinta. Ba mu ba su komi, ba su roƙonmu komi."

Saude ta share hawaye, ta karɓi tsinken. Daga ranar ba ta sake zubar da curin nan ba sai ta fasa ta gani. Shekarar da ta tsinci da yawa ta san kusu ya yi yawa a gona, sai ta gaya wa Wada a gyara gindin rumbu tun da wuri.

Daga nan ne idonta ya buɗe a kan wane ke cin wane. Ta lura gero kaɗai ne ba ya cin kowa. Ƙasa da ruwa da rana, su ke nan, da su yake haɗa abin da kowa zai ci. Fara ta ci ganyensa, zabi su ci fara, shaho ya sure ɗan zabuwa. Kusu ya ci tsabarsa, mujiya ta ci kusu. Ta kuma lura na ƙasa su ne masu yawa, ana hawa ana raguwa: gero ba ya ƙirguwa, kusu ɗaruruwa, mujiya kuwa biyu rak, amma biyun nan su suka danne ɗaruruwan. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba sai Wada, shi ma sai ya ce mata, "To malama, mu kuma wa ka cin mu?" Ta ce ƙasa, in lokaci ya yi. Ya ce madalla, ashe dai kowa na da ubangida.

Gidan Wada suna da rumbu na kara wanda ake ɗiba kullum, suna kuma da rufewa ta laka, ƙatuwa, zaune a kan duwatsu. A cikinta ake jera damman da za a ci lokacin noma, a ɗora na iri a sama, a liƙe bakin da laka. Irin nasu zango ne, geron nan mai doguwar zangarniya, wanda kakan Wada ya zo da shi. Dokar gidan ɗaya ce: ba a fasa bakin rufewa sai ruwan shuka ya sauka. Ko yunwa ta kai ina, sai dai a ci tafasa da zogale a jira. Wada yakan ce duk gidan da ya buɗe rufewa da rani, irinsa zai ci, ya wayi gari yana roƙon na wani. Sau biyu fari ya same su a zamansu, sau biyun dokar nan ta fitar da su.

Haihuwarta bakwai, uku suka tsaya. Mata biyu suka yi aure nesa, ya rage auta, Muntaka, wanda ya girma ya auro Hadiyya, wata 'yar mutanen Isa mai fara'a da saurin hannu a aiki.

Sai shekarun mutanen daji suka zo. Da farko shanu suke kora, daga baya suka koma kan mutane. Suka hana zuwa gonakin nesa. Wada bai ji hani ba, don dawarsa ta isa yanka a gonar fadama, ya ce ba zai bar ta tsuntsaye su gama da ita ba. Da hantsi ya tafi, da la'asar aka dawo da shi a amalanke an rufa masa buhu. Allah ya jiƙansa. Saude ta yi takaba ba wanda ya ji kukanta. Abin da kawai ta ce wa maƙwabciyarta Larai, wadda suka tsufa tare, shi ne, "Ya taɓa tambayata wa ka cin mu. Ga su nan sun zo. Su ma ba su shuka komi."

Mutanen tunga suka fara watsewa, wasu Sabon Birni, wasu Isa, wasu suka ƙetara Nijar. Har liman ya kwashe iyalinsa. Muntaka ya yi mata maganar tashi sau uku. Ta ce masa gonar bayan gida na nan, tana iya riƙe mutum uku in Allah ya ba da damina. Muddin akwai gero a rufewa, ita ba za ta je garin wasu ta miƙa kwano ba. Ita da ta yi shekara talatin baƙo bai taɓa fita gidanta da yunwa ba. Daminar kuwa ta yi kyau. Suka cika rumbu, suka cika rufewa, Muntaka ya liƙe bakin da hannunsa kamar yadda ya ga ubansa na yi.

A wannan kakar ce zazzaɓi ya kama ɗan Hadiyya na fari, jariri ɗan wata huɗu. Kwana biyu yana zafi, rana ta uku ya fara sanƙarewa yana juya ido. Ranar ba mai babur ɗin da ya yarda ya bi hanyar Sabon Birni, don an ce mutanen daji na kanta. Kafin azahar yaron ya cika. Cikin mako uku jarirai biyu suka bi shi a tungar, duka da irin wannan ciwo.

A zaman gaisuwar jariri na uku ne Larai ta faɗi abin da mata ke ta raɗawa.

"Ku daina cewa zazzaɓi. Tsuntsu ne ya bi ta kansu. Wa bai san ciwon tsuntsu ba? Kowa na jin kukanta bisa ɗakunan ga. Gida nawa ne a tungar ga ke kiwon mujiya in ba guda ba?"

Saude ta ce, "Larai, ji tsoron Allah. Ajali na hannun wanda ya ba da rai. Shekara nawa muna tare da ita, ɗiyanki shida anka haifa a gindin kukarta, wane ta ɗauka?"

"Da can akwai maza a gari. Yanzu ta ga wuri."

Saude ba ta iya gardama da baki. Sai ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, ta ɗauko sakainarta da curin kwana huɗu a ciki, ta kawo tsakiyar mata ta ajiye. Nufinta ta fasa ta nuna musu haƙoran kusu, kamar yadda aka taɓa nuna mata. Ba ta kai ga ɗaukar tsinke ba wurin ya yi tsit. Wata ta janye ɗanta ta tura shi bayanta. Wata ta fara salati ƙasa-ƙasa. Hadiyya ta kalli gashin da ƙasusuwan, ta ɗago ta kalli surukarta, da irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba.

"Inna, tara su kike yi?"

A nan Saude ta gane abin da suke gani. Tsohuwa, mijinta ya mutu, jikanta ya mutu, ga ta da gashi da ƙashi a ɓoye bayan ɗaki. Ita ma da idon da ta fara ganin curin ke nan tana amarya. Ta ɗauki sakainar ta fita, ba wadda ta ce mata ta dawo.

Washegari Muntaka ya same ta tana tankaɗe. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana wasa da ƙasa.

"Inna, Hadiyya ta ce ko tsuntsuwar ga ta bar gidan ga, ko ita ta koma Isa. Kuma kin ji abin da ake hwaɗi a gari. Ba ni iya hita in ji ana kiran uwata mayya."

"Auta, in ka kore ta, wa zai tsare muna hatsi?"

"Kusu ne hwa, Inna. Akwai magani a kasuwa."

Ta ci gaba da tankaɗe tana kallon rariya. Ta san in ta ƙara kalma ɗaya, kalmar za ta zagaya gari ta dawo a matsayin shaida. Ta ce, "Allah ya sa haka shi ne alheri."

Da rana tsaka aka yi abin, lokacin da mujiya ke barci. Muntaka ya kafa tsani, ya cusa tsofaffin zana da karan dawa a kogon kukar, ya kunna. Ɗaya ta fito ta cikin hayaƙin, rana ta makantar da ita, ta bugi katanga ta faɗi, maza suka gama da ita da sanda. Ɗayar ba ta fito ba. Da wutar ta mutu aka tono toka, sai ga 'ya'ya uku da ba su yi fiffike ba. Saude na ɗaki a kan buzunta, tana jan casbi, ƙaurin gashi na shigowa ta taga.

Wata guda ba a ga komai ba. Larai har ta shigo ta ce, "Kin gani? Gari ya yi lahiya." A wata na biyu Saude ta fara ganin sawu a ƙurar gindin rumbu, sirara, kamar an ja tsintsiya. A na uku kusu ya daina jin kunya. Da rana yake gilmawa ta tsakar gida. Ya ci igiyar guga, ya ci sabulu, ya huda buhun wake, ya ɓarke gefen buzun sallarta.

Muntaka ya bi ayarin masu babur ya je kasuwar Isa, ya sayo maganin kusu da ake kira shinkafar ɓera a wurin wani mai talla. Aka kwaɓa da tsakin dawa aka ajiye a kusurwoyi. Kwana biyu ana kwasar gawar kusu da cebur ana watsawa bayan gida. Hadiyya ta yi murmushi, na farko tun rasuwar ɗanta. Rana ta huɗu aka tarar da kyanwar gidan a miƙe a gindin randa, bakinta da kumfa. Kajin Hadiyya bakwai suka tsattsagi ragowar tsakin, suka bi ta. Kyanwoyin maƙwabta ma suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da Saude ta fita shara ta tarar da shirwa biyu a ƙasa, fukafukai a baje, kusa da inda aka watsar da gawarwakin. Ta daɗe tsaye a kansu. Maganin ya hau matakalar nan da ta sani, daga na ƙasa zuwa na sama, ya share na saman da ba su da yawa. Na ƙasan kuwa, waɗanda suka tsira suka daina taɓa tsakin, suka ci gaba da haihuwa, kuma yanzu ba mai cin su ko ɗaya a duk faɗin tungar.

Rumbun kara bai kai ƙarshen sanyi ba. Abin da suka ceto suka sussuke suka zuba a tukwane suka rufe da faifai da dutse. Suka koma ci sau ɗaya a yini, sauran a cika da ganye. Rufewa ce ta rage.

Wata safiya da bazara ta kama, Saude ta leƙa ƙarƙashin rufewar, tsakanin duwatsun, ta ga ƙaiƙayi ya taru kamar an zuba da ludayi. Ta shafa sama da hannu ta ji rami, bai fi shigar yatsa uku ba. Ta kwaɓa laka da ƙaya ta toshe. Bayan kwana biyu ta ga wani a gefe, ta toshe. Muntaka ya same ta tana toshe na huɗu.

"Inna, mu hwasa bakin ga mu duba. In akwai abin ceto mu ceta."

"Ruwa bai sauka ba."

"Baba ya yi dokar ga don yunwa, ba don kusu ba."

"In munka buɗe da cikin ga namu, kwana nawa za ta yi? Mu ci iri, sannan mu shuka mi?"

Gaskiya ta faɗa, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ita da ke gane yawan kusu daga curi guda, ta san abin da ƙaiƙayin nan ke nufi. In ta kanga kunne a jikin lakar tana jin motsi a ciki, kamar yayyafi a kan zana. Tsoro take ji. Muddin bakin na liƙe, tana da gero, tana da gida, tana da maganar Wada. Ta riƙe dokar da hannu biyu, Muntaka kuma bai iya tsallake maganar uwarsa sau biyu a shekara guda ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba da la'asar, mai yawa, har ƙasa ta yi ƙamshi. Da safe Muntaka ya kafa tsanin nan dai da ya hau kuka da shi, ya sa fartanya ya ɓalle lakar. Wari ne ya fara fitowa. Sannan kusu, suna zubowa ta kafaɗunsa, ta jikin tsani, manya da ƙanana, Hadiyya na ihu tana tsalle. Ya zura hannu ya zaro zangarniya, doguwa kamar yadda zango yake, amma tsirara, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya zaro wata. Ya shiga ciki gaba ɗaya yana watso su waje, har tsakar gida ta cika da kara.

Saude ta zauna a ƙasa mai laima ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana murzawa a faifai. Tun hantsi har azahar. Abin da ta tara, bayan ta sheƙe ta tsince kashin kusu, bai cika kwano ba.

Muntaka bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Inna, ko mun shuka wanga, mi za mu ci wata huɗu?" Ta ƙulle geron a wani tsohon ɗankwali, ta ɗaura a ƙugunta ƙarƙashin zane. Ranar Asabar suka rufe gida da zana suka bi ayari zuwa Isa.

Dangin Hadiyya sun riga sun cika da baƙi, sai aka sama musu wuri a wani kango da ba a gama ginawa ba, su da wasu gidaje biyar. Muntaka na dako a kasuwa ranar da ya samu. In masu taimako suka kawo dafaffen abinci, Saude kan shiga layi da kwanonta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Larai ma tana can, layi ɗaya suke bi, ba sa zancen kuka. Da asuba Saude kan share kangon duka da ƙofarsa, ba wanda ya sa ta. Idonta na ƙasa, tana duban gindin kowace bishiya. Ba ta taɓa tsintar komai ba.

Ƙullin na ƙugunta damina guda da rani guda. Takan kwance shi ta shanya a rana, ta zauna a gefe tana korar kaji, ta mayar. Tana cewa in hanya ta yi kyau za a koma a shuka a bayan gida, ko layi goma ne, zango ya dawo. Hanya ba ta yi kyau ba.

Da damina ta zagayo Hadiyya ta haifi 'ya mace a kangon. Kwana uku nono bai zo ba, don uwar ba ta ci abin kirki ba tun tana da ciki. An yi mako ba a kawo abinci ba, Muntaka kuma ya kwanta da zazzaɓi. Jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma buɗe baki kawai. A waje ana ruwa, irin na shuka.

Saude ta yi sallar azahar, ta daɗe a zaune. Sannan ta tashi ta aro turmi a wurin matar ɗakin gaba. Ta kwance ɗankwalin, ta juye. Hadiyya na kwance tana kallonta, ta gane ƙullin.

"Inna, irin Baba ne hwa."

"Na sani, ɗiyata. Kwanta."

Ta surfa, ta wanke, ta daka, ta dama kunu mai kauri da 'yar tsamiya. Ya cika ƙwarya ɗaya. Ta tallafo kan Hadiyya ta riƙa ba ta da ludayi har ya ƙare, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta wanke ƙwaryar, ta mayar da turmi, ta kakkaɓe ɗankwalin a bakin ƙofa. 'Yan ƙwayoyi uku ko huɗu suka faɗo daga lungun ƙullin. Kafin ta duƙa, kazar maƙwabta ta riga ta.